Ƙunshin da Ba Dutse a Ciki

A ofishin haraji na birnin Surat, a Indiya, wani dattijo yana zaune gefena a kan benci. Farar rigarsa ta sha guga, idonsa na dama a tsuke. Duk wanda ya taso a kasuwar lu'ulu'u ta Mahidharpura ya san wannan ido: shekara da shekaru ana manna masa madubin duba lu'ulu'u.

Tikitin motar haya yake naɗewa, irin naɗin da mu 'yan kasuwar muke wa takardar ƙunshe duwatsun lu'ulu'u. Ya naɗe, ya warware, ya sake naɗewa.

Jami'in haraji ya leƙo. "Dalsukhbhai! Kamfanin da ka ce ya sayar maka da kaya, mun je. Shagon wanki da guga ne! Aljanu suka ba ka duwatsun?"

"Yallaɓai, duwatsun na gaske ne. Na saya, na sayar."

"To, daga hannun wa?"

Shiru. Na san wannan shirun, kuma yana ƙona min rai. Ina jin a bakin titi ya saya, hannu da hannu, daga baya ya nemo rasit wurin masu sayar da takarda zalla ba kaya, kamar yadda da yawanmu ke yi. In ya ambaci mai kayan, ba wanda zai ƙara miƙa masa ƙunshi a kasuwa. In ya ƙi, a ce sayen duk ƙarya ne, a lafta masa haraji.

"Shigo," in ji jami'in.

Ya miƙe. Tikitin nan da ba komai a cikinsa, ya tura shi aljihun ciki, ya dafe wurin da tafin hannu, sannan ya shiga.