Alhajin da Na Kashe da Ransa

Ban yi jami'a ba. Sakandare na gama a unguwar Shisha, nan birni mai tsarki, sauran a waya na koya, ina tsaki ga masu bidiyon da ke jan magana. Da haka na samu aiki a wani ƙaramin ofis a Aziziyya, mai kama wa alhazai masauki.

Aikina na farko shi ne API, wato ƙofar da manhajoji ke ƙwanƙwasawa su tambayi rumbun bayananmu, ko su sauya wani abu a ciki. Don ɗakuna kawai na yi ta: ka ba ta suna, ta ba ka ɗaki. Da mudir, mai ofis ɗin, ya ga tana aiki, sai ya ce a jona mata motoci, a jona abinci, har da rajistar waɗanda suka rasu. Kaina ya kumbura. Amma idan ta tarar da mutum biyu masu suna ɗaya, na farko take ɗauka ta yi shiru. Kuma ni Bahaushiya ce, na san jirgi ɗaya daga Sakkwato kan sauke tsofaffi masu suna ɗaya, har sunan garin da suke liƙawa a ƙarshe. Na sani sarai. Sauri nake yi.

Washegarin saukowa daga Mina wani alhaji ya rasu a asibiti. Magatakardanmu, wani dattijo ɗan Maraɗi da nake ce wa Kawu, ya rubuta sunan ya danna. Ƙofata ta kashe wani tsohon daban. Saƙon ta'aziyya ya tafi wayar ɗansa, aka tattara kayansa, aka ba wani makwancinsa.

Ɗan nasa birkila ne, yana aikin gini a unguwar Ka'akiyya. Ya wuni yana bin ɗakunan ajiye gawa, har ya kira uwarsa a gida ya gaya mata. Sai ga uban zaune kan matakalar masauki yana cigiyar jakarsa.

Bayan la'asar ɗan ya banko mana ƙofa, siminti har gwiwar hannu.

"Wane ɗan iskan ne ya kashe min uba?"

Mudir ya nuna Kawu da haɓa.

Birkilan ya shaƙo wuyan rigar Kawu ya buga fuskarsa kan tebur. Na ji ƙarar hancin. Ya ɗago shi ya sake bugawa, jini ya cika maɓallan kwamfuta.

"Ɗana, wallahi daidai na rubuta," in ji Kawu, haƙorinsa ɗaya na lilo.

"Halas!" Mudir ke ihu daga bayan kabad. "Ƙyale shi, gobe zan soke iƙamarsa ya koma garinsu!"

Kawu na da 'ya'ya a Maraɗi da ke ci daga wannan takardar zaman. Ni kuwa ina bayan labule, na riga na buɗe rumbun na ga layi biyu, suna ɗaya. Ba wanda zai waiwayi mace. Na zauna. Na ji bugu na uku kafin na tashi.

Na ɗauki filas ɗin shayi na maka da ƙasa.

"Kai malam, sake shi! Ni na kashe ubanka."

Kujera ce a hannunsa, ya juyo da ita. Ƙafarta ta tsaga min gira, jini ya jiƙa min niƙabi. Da ya ga mace ce sai ya sandare.

"Ke? Da me?"

Na juya masa fuskar kwamfutar. "Ga naka, ga mamacin. Abin da na rubuta ne bai iya bambancewa ba. Wannan bawan Allah bai yi komai ba. Mudir, ka ji ko in maimaita da Larabci?"

Ya ji. Birkilan ya zube ƙasa yana kuka, yana kiran uwarsa a waya.

Da hankici a goshi na gyara API ɗin kafin magariba. Yanzu da lambar fasfo kawai take sauya abu, in kuma aka tambaye ta da suna ta ga biyu, sai ta kawo duka ta ƙi taɓa kowa. Mudir ya ce maganar iƙama ta wuce.

Kawu na kwance kan benci, auduga a hanci. Na durƙusa na ce ya yafe min.

"Na yafe, 'yata," ya ce. "Amma da kin yi maganar tun hancin yana nan."