Fenti a Wuyan Farar Riga

A asibitin babu mai kiransa da sunansa na yanka. Daga masu shara har likitoci, Baba Riƙe suke ce masa, domin tun yana saurayi aikinsa ke nan a ɗakin hoton ƙashi: ya tsayar da mutum gaban allo, ya gyara masa kafaɗu, ya koma bayan katangar dalma ya ɗaga murya, "Ja numfashi... riƙe!" Matarsa ta ce ko a mafarki yakan faɗa, har takan riƙe nata kafin ta tuna a gida suke.

Mutum ne mai tsari da kayan aikinsa. Farar rigarsa ba ta kwana da datti. Takalminsa rufaffe ne, mai tafin roba. A aljihu yana da 'yan alamomin dama da hagu da yake ɗorawa gefen hoto, kada likita ya kama ƙafar da ba ita ke ciwo ba. Rigar dalma kuwa, mai nauyin nan da ke sa kafaɗa tsami, bai taɓa ninke ta ba. Ya ce in an ninke, dalmar ciki takan tsage, hasken na'ura ya sami hanyar shiga jiki. Ɗaliban da ke zuwa koyon aiki sun san ba abin da ke ɓata masa rai kamar a jefa rigar nan kan kujera.

Sai kuma ɗan bajo baƙi, bai kai kwalin ashana ba, wanda kowane ma'aikacin ɗakin ke maƙalawa a ƙirji. Shi ke nuna yawan hasken da ya taɓa jikin mutum. Lokaci-lokaci a karɓa a aika wa masu aunawa, a ba da sabo. Duk shekarun nan bajon Baba Riƙe bai taɓa jawo magana ba.

Ran nan shugabar sashe ta kira shi ofis, ta rufe ƙofa da kanta. Sa'ar 'yarsa ce, kuma shi ya koya mata aikin.

"Baba, zauna. Bajonka ya dawo, abin da ya nuna ya wuce ƙa'ida nesa ba kusa ba. Za a ɗebi jininka a duba. Kafin mu gane daga ina ne, ba za ka ƙara shiga ɗakin hoto ba. Ka koma teburin karɓar marasa lafiya."

"Ni? Teburi? Ranki ya daɗe, ko dai na'urar ce ta sami matsala?"

"An duba ta. Bajon kowa lafiya lau, naka ne kawai."

Ya san abin da hakan ke iya nufi. Ya tuna dattijon da ya fara aiki a ƙarƙashinsa, yadda jininsa ya lalace, ya yi ta ramewa har farar riga ta koma masa kamar ta aro. Ya miƙa hannu aka ɗebi jinin, ya yini a teburi yana jin wani na cewa "riƙe" a ɗakinsa.

Ya koma gida, ya ɓoye wa matarsa zancen. Ya zauna yana jujjuya tafin hannunsa, abinci na hucewa a gabansa. Matarsa na gefe tana goge masa rigar gobe.

"Malam, wai a ina kake jingina rigar nan? Dubi wuyanta, kore shar! Na jiƙa, na cuɗa, ya ƙi fita. Ko ka koma aikin fenti ne ba ka gaya mana ba?"

"Ki bar ni da abin da ya dame ni."

"Ahaf! Kai ne mai yi wa 'ya'yan mutane faɗa a kan riga, ga taka nan."

Ya karɓa don ta yi shiru. Tabon na daidai inda riga ke hawa ƙusa. Bango ɗaya ne kore a duk sashen, wanda ke kusa da allon da ake tsayar da mutane. Da masu fenti suka zo kwanakin baya, sun cire tsohuwar ƙusarsa ta bayan katanga. Ana nan na'urar sanyaya ɗaki ta mutu, zafi ya ishe shi, ya riƙa tuɓe farar rigar yana aiki da 'yar ta ciki. Wata ƙusa ya gani a bangon nan, fenti bai ma gama bushewa ba, ya rataye. Da bajon a jikinta. Shi yana fakewa bayan dalma, ita tana tsaye tare da kowane mara lafiya.

Ya dafe kai, sai kuma dariya ta ƙwace masa.

"Maman yara, ashe rigar ce ke shan hoto, ba ni ba!"

Sai a nan ya ba ta labarin. Ta kashe dutsen guga ta dube shi.

"Wato da ban yi magana ba, haka za ka zauna da wannan a ciki kai kaɗai? Allah ya shirye ka. Ci abincinka, ya huce."

Da safe ya kai shugaba gaban ƙusar, ya ɗora wuyan rigar a kai, tabon ya zauna daidai. Ta sauke ajiyar zuciya, sannan ta haɗe fuska.

"Baba, da ɗalibi ne ya yi wannan fa?"

"Da tuni na kora shi gida."

"To, teburi dai har jini ya fito."

Jini ya fito lafiya. Aka ba shi sabon bajo, ya maƙala a rigar ciki, wadda ba ya tuɓewa sai a gida. Ƙusar kuwa da kansa ya aro filaya ya zare. Tabon bai fita ba, ya hana a saya masa wata rigar.

Ranar da ya koma ɗakin hoto, wanda ya fara shigo masa direba ne mai tari. Baba Riƙe ya sa shi ya cire sarƙar makullai daga wuya, ya gyara masa kafaɗu, ya shafa nasa ƙirjin ya ji bajon na nan, sannan ya koma bayan katanga.

"Ja numfashi... riƙe!" Na'ura ta yi ɗan kukanta. "To, saki."

Direban ya saki, shi ma ya saki.