Ranar da Makaɗa Suka Wuce Shiru

Jama'a, kun san ni da surutu, amma akwai labarin da na fi shekara sittin ina haɗiyewa. Saratu matata ce ke ba da shi. Tun da ta rasu bara babu mai faɗa, sai ni da na jawo shi.

Shekarar da aka samu 'yancin kai ina masinja a Argungu. Ɗan Zuru ne ni, mutumin tudu, aji huɗu na yi boko ta sallame ni. Wata safiya a bakin gulbi masunta suka ce mutanen tudu ko a kwano suka ga ruwa sai sun nemi sanda. Na tuɓe takalmi, na daka tsalle cikin kwalekwale cike da kifi. Wani kifi, kurungu, ya yi mini maraba da ƙayarsa a diddige.

Kunya ta hana ni zuwa shan magani, kada masunta su ji. Na yi dabarar ƙauyenmu: na shafa ɗanyen kashin shanu, na ɗaure da tsumma.

Bayan kwana tara tuwo ya gagare ni taunawa. Washegari haƙora suka sarƙe. Saratu ta ɗauka wasa nake, don na saba. Sai da wuyana ya sandare ta ajiye muciya.

A bayan motar shinkafa aka kai ni asibitin Birnin Kebbi. Malamin asibiti ya kwance tsumman, ya kau da hanci.

"Wa yac ce ka sa wanga abu?"

Babu bakin amsawa. Karo na farko ke nan da na rasa ta cewa.

Aka wanke ciwon, aka yanke ruɓaɓɓen nama, allura safe da yamma. Aka sa ni ɗaki ni kaɗai, aka toshe taga da bargo. Ya ce wa Saratu, "'Yar ƙara kaɗan in ya ji, tana iya kashe shi. Ko cokali kada shi faɗi." Gaskiyarsa. Ƙofa ta buga, bayana ya lanƙwashe kamar baka, numfashi ya tsaya.

Ɗiyarmu Laraba tana da wata biyar. Saboda kukanta aka hana shigo da ita. Wannan ya fi allurar zafi.

Na ji tsoro ƙwarai. Allahn da na sani a lokacin kamar babban joji yake, mai tsawa, mai jiran ka yi kuskure. Na tuna yadda nake kwaikwayon tafiyar fasto ana dariya. Na ce to, sammaci ya iso.

Ina da giɓi a haƙora, sai ga ranarsa. Ta nan Saratu ke ɗura mini kunu da ƙaramin cokali. Ita ta yi ajin karatu na mata, ta fi ni sanin Littafi Mai Tsarki. Ba haske a ɗakin, sai ta kawo bakinta kunnena tana faɗa da ka.

"Baban Laraba, akwai annabin da ya gudu jeji, ya kwanta gindin itace, ya ce ya gaji, a ɗauki ransa. Ka san abin da Allah ya yi? Bai yi masa faɗa ba. Abinci ya aiko masa da ruwa, ya bar shi ya yi barci, ya sake ciyar da shi. Haɗiye."

Na haɗiye.

"Daga baya aka yi guguwa mai fasa duwatsu, Allah ba ya ciki. Ƙasa ta girgiza, wuta ta tashi, ba ya ciki. Sai wata 'yar murya siririya. Ka ga? Ya san yadda ake shiga ɗakin mara lafiya."

Na so in ce ashe annabin ma rago ne irina. Hawaye ne suka fito.

Ranar bikin 'yancin kai ta zo ina kwance. Makaɗa za su bi hanyar da ke bayan ɗakina, da jama'a a bayansu. Malamin asibiti ya tanadi allura, amma fuskarsa ba ta yi mini alkawarin komai ba.

Na jiyo ganguna daga nesa. Suna matsowa, jijiyoyin bayana suna ɗaurewa. Na laluba gefen gado, babu Saratu.

Sai kiɗan ya yanke.

Sawun ƙafafu kawai nake ji, mutane da yawa, suna ta wucewa, suna ta wucewa. Babu guɗa, babu kirari. Sai da suka yi nisa can ganga ta sake magana.

Daga baya na ji yadda aka yi. Saratu ta fita da Laraba a goye, ta durƙusa tsakiyar hanya gaban shugaban makaɗan. Ta ce, "Baba, mijina na ciki, ƙara za ta kashe shi." Dattijon, Musulmi ne, bai san mu ba. Ya ɗora tafi kan fatar gangarsa, ya juya ga yaransa.

"Ku riƙe hannu. Tashi, ɗiyata. Ƙasag ga ba ta fara mulkin kai da gawa."

Na zauna gaban masu wa'azi da yawa tun daga nan. Babu wanda ya nuna mini halin Allah kamar shirun nan.

Kwana ashirin da wani abu bakina ya buɗe. Na ce a kawo mini Laraba. Ta kama hancina ta ja, bayana bai motsa ba.

Na gode wa Allah. Na gode wa malamin asibitin nan, da Saratu wadda ba ta taɓa yi mini gori ba sai kullum.

Shawarata: in ƙusa ko ƙaya ta soke ku, ku wanke da sabulu, ku tafi asibiti ranar, a yi muku allurar rigakafi. Kashin shanu na gona ne. In kun je gaida mara lafiya, ku rage murya.

Saura makaɗin. Saratu ba ta tambayi sunansa ba, ni kuma da na warke na yi ta cewa gobe. Dogo ne, in ji ta, da furfura a gemu. In kakanku makaɗi ne a Birnin Kebbi, ya taɓa faɗa muku ranar da wata mata ta tsayar da shi a hanya, ku rubuto mini a ƙarƙashin wannan labari. Gwiwata ta tsufa, amma durƙuso ɗaya ya rage a cikinta, kuma na ƙofar gidanku ne.