Wushiryar Uwargida

Mun tashi da asuba daga Dukku za mu asibitin Gombe, ni da uwargida, a bayan motar katako. Haƙoranta biyu na gaba ne ke girgiɗi, su ne kuwa ke riƙe da wushiryar da ta raba ni da maraƙina wajen biyan sadaki tun zamanin Turawa. An yi kanumfari, an yi tofi, shiru kake ji.

Gombe ta sauya, jama'a. Da, jakuna da buhunan auduga ke tarbar mutum. Yanzu kuɗin mai ya shigo, babur ko'ina, kowane alhaji da haƙorin Makka yana dariya ba dalili. A tashar Bolari mai ƙosai ta faɗa min kuɗi da naira, na ce 'yar nan, mayar min da shi sule in gane. Ni na ci ƙosai, uwargida kunu kawai ta iya sha.

A asibiti likita ya ce ta cire gyale, ya kama lalubar wuyanta. Ni da na yi aji biyu a elemantare ba na barin kuskure ya wuce.

"Likita, bakin yana sama."

"Na gan shi, Baba. Maƙoƙon nan tun yaushe?"

Maƙoƙo kuwa a garinmu ba ciwo ba ne, murjani ake ɗaura masa. Likitan ya ce akwai wani ruwa da wuya ke zubawa cikin jini, in ya rikice yakan taɓa ƙashi, har saiwar haƙori ta riƙa cinyewa daga ciki. Aka ɗauki hoton bakin da na'ura, ya ɗaga shi a haske. Saiwar ɗaya ta zama kamar sabulun da ya kwana a ruwa.

Aka ba da maganin wuya, aka ce ɗayan haƙorin zai tsira. Mai cinyayyar saiwar kuwa aka cire, ta ƙulle shi a bakin gyale.

Har muka baro gari hannunta na kan baki, ko a-sauka-lafiya ba ta amsa ba. Ni dai na koyi cewa ɓarawon baki a wuya yake kwana.

Da muka iso gida ta kwance ƙullin. Na haɗe fuska na ce, "Jefa shi kan rufin ɗaki, amma kada ƙadangare ya ga giɓin, in ba haka ba sabo ba zai fito ba."

"Malam, sabon haƙori, ni da jikokina?"

Ta tuntsire da dariya, ta manta da hannun. Na duba da kyau. Wushiryar tana nan, faɗi kawai ta ƙara.