Kafintan da Ya Ƙi Yi wa Shugaba Ƙofa

Baba Kafinta ya shekara talatin yana haɗa gadaje da kujeru a shagonsa na bayan tasha. Ba ruwansa da siyasa, ko a rediyo.

Da gwamnati ta kafa rundunar 'yan sanda ta musamman, masu baƙaƙen kaya da rufe fuska, sai aikinsa ya koma gyaran ƙofofi. Duk ranar da 'yan adawa suka yi taro, washegari sai an kira shi gidan da aka ɓalle. A gidan wani malamin makaranta ya tarar da matar tana tsince haƙoran mijinta a kan tabarma.

Wata rana wani mai ƙaton tumbi ya sauko daga mota, ya ce shi ne shugaban rundunar, yana son ƙofa a sabon gidansa.

"Amma mai ƙwari, Baba," ya ce yana dariya. "Ba irin wadda yarana ke ɓallewa da shuri ɗaya ba."

Baba ya ce, "Ranka ya daɗe, katakona ya ƙare."

Alhali ga katako jibge a bayansa har rufi.

Bayan kwana biyu aka garƙame shagon, wai ba shi da takarda. Yanzu a tsakar gidan surukinsa yake aiki. Matarsa ta ce ai da ya yi musu ƙofar da an wuce wurin. Ya tofar da yawu, ya ce, "Haba uwar yara, da hannun nan fa nake cin abinci."