Baba Ja-da-Baya Ya Ajiye Usur

Kafin a buɗe tagar sayar da tikiti Baba ya riga ya iso tashar jirgin ƙasa. Zai share dandamali, ya duba farin layin nan da ke gaban titin jirgi, in ya koɗe ya ƙara masa fenti. Sannan ya rataya usur a wuya, a shiga fama da mu: "A ja da baya!" Nan ya samo sunansa, har matarsa da shi take kiransa in tana jin tsokana.

Mu fa akwai taurin kai. Duk mun ɗauka iskar jirgi ture mutum baya take yi, shi ya sa in ya taho sai mu ɗan karkata gaba mu kafe ƙafa. Baba kuwa sai ya zaro takardu biyu daga aljihu, ya riƙe su dab da juna, ya hura tsakaninsu. Maimakon su rabu, sai su haɗe. "Ka gani, ɗana? Iskar da ke gudu ƙarfin dannawarta raguwa yake. Ta bayanka ce za ta ingiza ka jikin jirgi." Mu yi dariya, mu ce tsoho ya buɗe aji.

Ranar da dariya ta ƙare ina wurin. Gwaggona ta tsallake layin da goyo a bayanta, tana leƙen ko jirginmu ne. Ashe na kaya ne, wanda ba ya tsayawa. Mayafinta ya yi gaba, ita ma ta bi shi tana tangaɗi. Baba ne ya cafki damtsenta ya fizgo, suka zube, shi a ƙasa.

Ta miƙe tana masifa: "Haba Baba, za ka karya ni!"

"Yi haƙuri, 'yata."

Sai da ta hango mayafin yana bin wutsiyar jirgin, sannan ta zauna ta fashe da kuka.

Baba, garkuwar masu goyo, kai ne wanda kafaɗarsa ba ta sake komawa daidai ba tun ranar, kuma ba ka taɓa yi wa kowa gori ba. Ga shi ka yi ritaya. Mun gode, Allah Ya saka da alheri. Ku da kuka gaje shi, kada ku gaji da tsawa, ko da za mu harare ku.

Jaririyar nan da ke bayan Gwaggo ta girma. Ita ta matsa mini in rubuta wannan, wai ta je gidanka don ta yi godiya, ka tambaye ta 'yar wace ce, kuka ya hana ta magana.