Ƙanzon Manuwel

Bayan magariba, a saman sorommu na unguwar Madain Fahd a Jidda, kakata Hajiya Dije takan hura gawayi a kasko ta ɗora shayi, mu jikoki mu kewaye ta. Ba ta cika ba mu tatsuniyar gizo ba. Labarin gidan Sifaniyawa na Abhur take so, inda ta yi musu girki tun tana da ƙarfi.

Ta ce wani mai walda ne, Manuwel, ya kafa ƙungiyar tasu. Ya zo Jidda da wani faffaɗan kwanon suya daga ƙasarsu, ya kama haya, duk Juma'a ya dafa shinkafa da kifi. Duk Basifaniyen da ya sauka garin, ya zo ya ci kyauta, a yi waƙa, a koya wa yara harshen gida. A al'adarsu, ƙanzon gindin kwano na babban baƙo ne.

"Ƙanzo, Kaka?" mukan ce da dariya.

"Ƙanzo, 'yan nema! Ku da kuke tura wa kaji."

Da injiniyoyi suka yi yawa, aka naɗa shugabanni, aka sa mai gadi. Manuwel ya tsufa, kafili, ubangidan da ya tsaya masa, ya sallame shi, iƙamarsa ta zaman ƙasa ta mutu. Shugabannin suka ji tsoron a rufe musu gida saboda shi, suka ce kada a bar shi ya shigo. Ranar Juma'a ya tsaya a bakin ƙofa cikin rana, yana jin waƙar da shi ya koya musu. Kaka ta ƙunshe ƙanzon ta miƙa masa ta katanga. Matar shugaba ta gani.

"Halas, ta ce mini, yalla, ta kore ni. Ko mayafina ban ɗauka ba."

"Shi fa?"

"An kama shi a hanya. Babu wanda ya je duba shi."

Mu abin ya ba mu dariya: Bature na kuka a kan ƙanzo. Kaka takan dube mu kawai ta juya gawayi.

Yau ni ne mai tsaron ƙofar majalisar Hausawan unguwarmu, kuma mu ma mun yanke cewa marar takarda ba ya shiga. Makon jiya Baba Sale ya zo, dattijon da ya wanke gawar Kaka... a'a, ya haƙa kabarin mahaifina, ya kuma tara mutanen farko na majalisar nan a ɗakinsa.

"Ɗana, ruwa kawai zan sha," ya ce.

"Baba, ka yi haƙuri. Doka ce."

Allah Ya yafe mini, ko muryata ba ta yi rawa ba. A da ina zaton mugaye ne suka kori Manuwel. Ashe masu iyali ne, masu tsoro, irina. Na ja ƙofar na koma ciki, na tarar shayina bai huce ba, na shanye.